Yadda Ake Gano Baƙon Fangas Daga Samfurin Majinyaci, Tun Daga Faranti Har Zuwa Raɗin Suna

Duk wanda ya daɗe a ɓangaren ƙwayoyin cuta na ɗakin gwaje-gwaje ya san irin wannan safiyar. Ka buɗe inkubeta, ka ciro farantin da aka shuka mugunya ko kaki kwana 5 da suka wuce, sai ka tarar wani abu ya tsiro wanda bai yi kama da ko ɗaya daga hotunan littafin da ke kan benci ba. Abin da akasarinmu muke yi shi ne mu ce funfuna ce ta faɗo daga iska, mu jefa farantin cikin bokitin ƙonawa. Ni ma na taɓa yin haka a wani asibiti a nan Bauchi, da samfurin wani manomi mai miki a ƙwauri da ya ƙi warkewa. Da sakamakon masu duba tsoka ya dawo, sai ga fangas a cikin naman kansa, a lokacin kuwa farantina ya riga ya zama toka. Damar sanin sunan abin ta tafi tare da farantin, kuma har yau abin yana ci mini rai. Shi ya sa na rubuta wannan domin ƙannena masu aikin lab a Bauchi da Azare da Gombe da sauran garuruwanmu.

Idan na ce fangas, ina nufin dangin nan da suka haɗa da yis ɗin burodi, da funfunar da ke kama tuwon da ya kwana, da masu kawo makero da ƙyasfi. Kada kuma a ɗauka samun sabo a cikinsu tatsuniya ce. A 2009 aka fara bayyana Candida auris, daga kunnen wata majinyaciya a Japan, yau ga shi ya addabi ɗakunan kulawa ta musamman a ƙasashe da dama, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi cikin 4 mafiya haɗari a jerin fangas 19 da ta fitar a 2022. A Afirka ta Kudu, a 2013 aka ba da rahoton wani baƙo a jikin masu cutar ƙanjamau, sai a 2017 ya samu sunan Emergomyces africanus. Kowannensu daga bencin wani ma'aikaci ya faro, wanda ya ƙi zubar da abin da bai gane ba.

Fara da takardar, kafin farantin

Mataki na farko ba ya buƙatar na'ura. Ɗauki takardar da ta rako samfurin, in babu bayani a kai, taka ka je wurin likita da kanka. Daga ina aka ɗebo samfurin? Jini da ruwan laka da ɓargo da naman ciki wurare ne da bai kamata a samu komai ba, don haka duk abin da ya tsiro daga nan abin tuhuma ne. Kaki da fata da kunne kuwa a buɗe suke ga iska da ƙura. Sai ka tambayi ƙarfin garkuwar jikin mutumin: yana da ƙanjamau, ƙwayoyin garkuwar jiki na CD4 sun yi ƙasa da 200? Ciwon suga fa? An yi ta ba shi maganin tibi alhali gwajin tibi na GeneXpert bai nuna komai ba?

Sana'a da muhalli su ma ka tambaya, domin a nan ne labarin yake ɓuya. Mai sussukar masara ko mai shiga rumbun gyada yana shaƙar irin Aspergillus. Mai kiwon tattabaru yana kusa da Cryptococcus. Wanda jemagu suka cika silin ɗin ɗakinsa, ko mai shiga kogo, sai a tuna da Histoplasma. Nau'insa na Afirka, duboisii, tun 1952 aka bayyana shi, kuma an gano shi a ƙasar kogon jemagu na Ogbunike a Jihar Anambra. Manomin da ƙaya ta soke shi a ƙafa shekarun baya har ƙafar ta kumbura tana fitar da tsaba, wannan wata hanya ce daban. Mayukan bilicin masu sinadarin sitiroid kuma suna sauya kamannin makero har ƙwararre ya kasa gane shi.

Abu ɗaya da mu 'yan Bauchi ba za mu manta ba: jiharmu tana cikin waɗanda zazzaɓin Lassa ya fi kamawa. Jinin mai zazzaɓin da ba a san kansa ba, a riƙe shi da cikakkiyar kariya tun kafin a fara maganar fangas.

Duba samfurin kansa a madubin ƙara girma (maikuroskop)

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne shaidar da ba ta da madadi. Abin da ya tsiro a faranti yana iya zama baƙon iska, amma abin da ka gani da idonka a cikin mugunya ko nama, a jikin mutumin yake.

Fata da farce da gashi da mugunya mai kauri, a ɗiga musu sinadarin KOH mai ƙarfin kashi 10 zuwa 20 cikin 100, a jira ya narkar da naman. Fata kan ɗauki minti 15 zuwa 30, farce ya fi haka. Ruwan laka, a haɗa shi da baƙar tawadar Indiya a nemi yis mai farin zobe kewaye da shi, wato Cryptococcus, sannan a yi gwajin CrAg mai gano shi, domin ya fi tawadar kamawa. Ɓargo da jini a yi musu rinin Giemsa. In nama aka yanko, roƙi likita tun a tiyata ya raba shi biyu: rabi a ruwan gishiri mai tsabta domin shuka, rabi a fomalin domin masu duba tsoka su yi rinin GMS da PAS. Fomalin yana kashe komai, naman da ya shiga cikinsa ba ya sake tsirowa.

Ka rubuta abin da ka gani dalla-dalla. Yis ne ko zare? In yis ne, girmansa nawa, kuma yaya ɗansa yake tohowa daga jikinsa? Na duboisii manya ne, maikuron 8 zuwa 15, masu kaurin bango. In zare ne, yana da gaɓa-gaɓa kamar karan dawa, yana rassa a tsuke kamar digiri 45? Wannan salon Aspergillus ne da Fusarium da makamantansu. Ko kuwa faffaɗa ne kamar ƙyalle, kusan babu gaɓa, yana rassa a buɗe? Wannan dangin Mucorales ne, kuma in ka ga haka kada ka niƙa naman, yayyanka shi ƙanana da reza mai tsabta, domin niƙa tana kashe zaren. Launin ƙasa-ƙasa a bangon zaren shi ma a rubuta. Tsabar da ke fita daga kumburarriyar ƙafa, a duba launinta: baƙa ta fangas ce, ja kuwa ta bakteriya ce mai suna Actinomadura pelletieri, maganinsu kuma ba ɗaya ba ne.

Ɗora kyamarar wayarka a bakin madubin ka ɗauki hoto. Gobe silaid ɗin ya bushe, hoton ne zai rage.

Shuka, da zafin garinmu

A shuka a kan Sabouraud, wato abincin da ake shuka fangas a kai, mai maganin kuloramfenikol don hana bakteriya. A yi kashi biyu, ɗaya da cycloheximide ɗaya babu, domin wannan sinadari yana danne funfunar iska amma yana danne Cryptococcus da Aspergillus da Mucorales da wasu Candida tare da ita. Wanda ya shuka a kansa kaɗai ya rufe wa rabin masu laifin ƙofa. Saiti ɗaya a ajiye a digiri 25 zuwa 30, ɗaya a 35 zuwa 37.

A nan ne littattafan waje suke yaudararmu. In sun ce a ajiye a zafin ɗaki, digiri 25 suke nufi. Ɗakinmu a watan Maris da Afrilu ya wuce nan nesa, da hunturu kuma busasshiyar iska takan tsotse abincin shukar har ya tsattsage kafin mako 2. Saboda haka a rataya ma'aunin zafi, a rubuta abin da ya nuna safe da yamma, har da sa'o'in da aka ɗauke wuta. A fi amfani da kwalabe masu murfin murɗawa da abinci mai kauri, a ɗan sassauta murfin don iska. A ajiye faranti ɗaya da ba a shuka komai a kai ba tare da sauran; in shi ma ya yi funfuna, matsalar daga ɗakin take.

Sai haƙuri. Yis kan fito cikin kwana 1 zuwa 3, Mucorales kan cika faranti cikin kwana kaɗan, amma ba a cewa babu komai sai bayan mako 4, in ana zargin Histoplasma a kai 6.

Shi ne mai laifin, ko ɗan kallo ne?

Kafin ka kashe ko naira ɗaya a kan DNA, amsa wannan. Abin ya tsiro a kan layin da ka shafa samfurin, ko a gefen faranti? Siffarsa ta dace da abin da ka gani a madubi? Ya tsiro a kwalba fiye da ɗaya? Yana iya rayuwa a digiri 37, zafin cikin jikin mutum? In ciwon na ciki ne kuma abin ya kasa jure 37, shakka ta shigo, ko da yake masu kama fata da ƙarƙashinta sukan fi son sanyi kaɗan. Mafi ƙarfin shaida shi ne a sake ɗebo samfur daga wuri guda, abu guda ya sake fitowa.

Da zarar shaidu sun haɗu, kira likita a ranar. Majinyaci ba zai jira suna ba. Cewa "funfuna ce mai faffaɗan zare mara gaɓa" ta isa ta sa likita ya san voriconazole ba zai yi aiki ba, amphotericin B da tiyata ake bukata.

Adana shi da rai kafin komai

In za ka ɗauki abu ɗaya daga wannan rubutu, ɗauki wannan. Tsinci tsiro guda ka sake shuka shi har ka tabbata babu gauraye. Ba shi lamba ta dindindin wadda ba ta ɗauke da sunan majinyaci. Sannan ka adana shi ta hanya fiye da ɗaya. Hanyar da ta fi dacewa da mu tsohuwa ce, ta Castellani, tun 1939: a yanko 'yan gutsattsarin abincin shuka da tsiron a kai, a jefa cikin ƙaramar kwalba mai tataccen ruwa da aka turara, a ɗaure murfi tam, a ajiye a inuwa. Ba ta bukatar lantarki, kuma fangas da yawa sukan yi shekaru a haka. In akwai firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili da wuta tsayayya, a ƙara da gilisarol kashi 15 zuwa 20. Kwafi 3, a wurare 2 daban.

Gargaɗi a nan, kuma da gaske nake. Farar funfuna ko mai ruwan ƙasa, mai laushi kamar auduga, mai jinkirin tsirowa, wadda ta fito daga jini ko ɓargo ko huhu ko ƙurjin mai ƙanjamau, ba a buɗe ta a kan benci. Ba a shinshina faranti ko kaɗan. Irin Histoplasma yana shiga huhun ma'aikaci ta iska. Sai cikin kabad ɗin kariya mai tace iska, in babu, a naɗe bakin kwalbar da salatif a tura inda suke da shi.

Siffanta shi

In yis ne, hanyar gajeriya ce. A saka shi a ruwan jini a digiri 37 na awa 2 zuwa 3. In ya fitar da ɗan bututu mara tsukewa a gindi, Candida albicans ne ko dubliniensis. A gwada urease, wanda Cryptococcus yake ba da amsa. A kan CHROMagar, abincin shukar da ke bambance yis da launi, albicans kore ne, tropicalis shuɗi, krusei ruwan hoda mai kaushi. A duba siffarsa a abincin garin masara mai Tween 80. Wanda ya fito da launi maras tabbas, ya jure digiri 42 da gishiri kashi 10, a yi zargin auris, a gaya wa masu kula da hana yaɗuwar cuta a asibiti nan take, domin yana manne wa gado da kayan aiki.

In funfuna ce, sai an zauna. Shuka ta a tsakiyar faranti a kan abincin shuka na PDA da na MEA, ka auna faɗinta da rula a kwana na 7 da na 14, a zafi daban-daban: 25, 30, 37, 42. Rubuta launin sama da na ƙasan faranti, da ko tana zubar da rini cikin abincin, da yanayin fuskarta, gari-gari ce ko auduga ko santsi. Sai ka ɗan taɓa gefen tsiron da salatif mai haske, ka ɗora a kan ɗigon rinin lactophenol cotton blue. In kana son ganin yadda irin yake zaune a kan zarensa ba tare da ya wargaje ba, yi shukar kan silaid irin ta Riddell, amma banda ga wadda na yi gargaɗi a kanta. Auna iri aƙalla 30, tsawo da faɗi. In ta ƙi yin iri, gwada abinci maras maiƙo kamar na alkamar oat ko ruwa da aga zalla, yunwa takan sa ta haihu. In a 25 zare ce, a 37 kuma ta koma yis a abinci mai jini, ka kama fangas mai fuska biyu, irin su Histoplasma.

Na'urori irin su VITEK da API da MALDI-TOF suna taimakawa, amma abin da aka zuba musu kaɗai suka sani. Shekaru VITEK yana kiran auris da sunan Candida haemulonii, API kuma yana ce masa Rhodotorula glutinis. In na'ura ta ba da suna da bai dace da abin da idonka ya gani ba, kada ka danne idonka.

DNA, da tarkon da ke cikinsa

Tun 2012 aka amince da wani yanki na DNA mai suna ITS a matsayin tambarin gane fangas. Bangon fangas yana da tauri, sai an farfasa shi da ƙananan duwatsun gilashi ko an bi hanyar sinadarin CTAB kafin DNA ya fito. A yi PCR, wato ninka yankin har ya yi yawa, da ITS1 da ITS4, gutsattsarin DNA masu kama farkonsa da ƙarshensa, a haɗa da bututu ɗaya mai ruwa zalla don kama gurɓata. A sa a karanta jerin haruffan DNA ɗin ta gaba da ta baya, kuma ka nemi a turo maka ainihin zanen tsaunukan da na'urar karantawar take fitarwa, ba haruffa kaɗai ba. In tsaunuka suna hawan juna, shukarka ba tsantsa ba ce.

Yanzu tarkon. Mutum ya saka jerinsa a BLAST, manhajar da ke kwatanta shi da jerin da ke rumbun GenBank na intanet, ya ɗauki sunan da ya zo a sama, ya rubuta. GenBank cike yake da jerin da aka yi wa laƙabi ba daidai ba, domin kowa yana iya zubawa. Ka zaɓi a kwatanta da jerin samfuran asali kaɗai, waɗanda aka raɗa wa jinsin suna da su, ka kuma leƙa rumbunan MycoBank da UNITE. Ka duba kashi nawa na tsawon jerinka aka kwatanta, ba kashin kamanni kaɗai ba.

Babu wani adadi guda da ke yanke hukunci. Kamanni ƙasa da kashi 97 ko 98 yana ɗaga gira, amma kashi 100 ma ba ya rufe magana. ITS ba ya raba Aspergillus fumigatus da ɗan'uwansa lentulus, wanda aka bayyana a 2005 kuma ya fi shi taurin kai ga magani. Don haka ake ƙara wasu yankuna: D1/D2 ga yis, beta-tubulin da calmodulin ga Aspergillus da Penicillium, TEF1 da RPB2 ga Fusarium. Sai a tattaro jerin duk 'yan'uwansa na kusa, a jera su da manhajar MAFFT, a gina bishiyar zuri'a da manhajar MEGA ko IQ-TREE, a maimaita gwajin ƙarfin rassa sau 1000. A gina bishiyar kowane yanki daban kafin a haɗa. In naka ya ware reshensa shi kaɗai a kowace bishiya, siffarsa ma ta bambanta, to an fara maganar sabon jinsi. In a bishiya ɗaya kaɗai ya ware, dakata.

Sau da yawa ƙarshen binciken shi ne abin sananne ne a ƙasa ko a jikin tsiro, amma ba a taɓa samunsa a jikin mutum ba, ko ba a taɓa samunsa a Najeriya ba. Wannan ma babban sakamako ne da ya cancanci a buga. Ka kuma lura da sauyin sunaye: Candida krusei yanzu Pichia kudriavzevii ne, Penicillium marneffei ya koma Talaromyces marneffei. Sunan da ba ka taɓa ji ba yana iya zama tsohon sani da sabuwar riga. A takardar likita ka rubuta duka biyun.

Turawa da gwajin magani

Ba a miƙa wa direba a tasha kwalbar shuka a cikin ambulan. Rufi 3 ake yi: kwalba mai ɗaurarren murfi naɗe da abin tsotse ruwa, cikin gwangwani na biyu da ba ya yoyo, cikin kwali mai ƙarfi da alamar UN3373. Kafin ya bar asibiti, a samu amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, a kuma sa hannu a yarjejeniyar miƙa samfur wadda ta faɗi wanda ya mallake shi da sunayen da za su fito a takardar da za a buga. Ka tsaya a kan wannan da ladabi amma ba ja da baya. Kuma kada ka tura kwafinka na ƙarshe.

Gwajin magani ana yin sa ne ta ƙa'idar hukumar CLSI, M27 ga yis da M38 ga funfuna, ko ta hukumar EUCAST. Baƙon jinsi ba shi da iyakar da aka amince da ita, don haka a rubuta adadin MIC, wato mafi ƙarancin maganin da ya hana shi girma, yadda ya fito, kada a ce magani zai yi ko ba zai yi ba.

Raɗin suna

Sunan fangas yana bin dokar ƙasa da ƙasa ta sunayen tsirrai da fangas. Dole a ware samfurin asali guda, busasshe ko daskararre yadda ba ya girma, a ajiye shi a ma'ajiyar da aka sani, a faɗi sunanta da lambarsa. Rayayyen kwafi kuma a kai ma'ajiya 2 a ƙasashe daban; cibiyar Westerdijk da ke Utrecht a ƙasar Holan tana cikin manyan masu karɓar na asibiti. Bayanin siffa a rubuta shi da Ingilishi ko Latin, wanda aka halatta tun farkon 2012. Daga 1 ga Janairun 2013 kuma suna ba ya inganta sai an yi masa rajista a MycoBank ko Index Fungorum ko Fungal Names, an saka lambar a cikin takardar, kuma fangas ɗaya suna ɗaya gare shi. Jinsin da aka gina a kan samfur guda yana da rauni, saboda haka a koma a nemi wasu: a tsofaffin kwalaben da aka adana, a wurin abokan aiki a wasu asibitoci, a ƙasar gonar majinyacin ko silin ɗin ɗakinsa da izininsa.

Ana iya raɗa wa jinsi sunan gari, amma ni ban so. Lassa gari ne a Jihar Borno, tun 1969 sunansa yake manne da cuta, mutanensa ba su zaɓi haka ba. Na fi son suna mai faɗin siffar abin ko inda aka same shi a jiki, kamar auris, wanda ke nufin kunne a Latin. Sunan majinyaci ko hoton da za a gane shi ba sa shiga ko'ina.

Sai ka zuba jerin DNA ɗin a GenBank da cikakken bayani: ƙasa, jiha, shekara, ɓangaren jikin da aka ɗebo shi, da lambar ma'ajiya. Kwafin sakamakon ƙarshe ka kai shi fayil ɗin majinyacin da hannunka, ko da an daɗe da sallamarsa, ka kuma roƙi likita a sake ɗebo samfur in ya dawo ganin likita, a ga ko maganin ya kashe abin.